Daga Linta Zuwa Tarewa: Yadda Ake Rufin Gida Da Sa Tagogi A Sakkwato

Tun ranar da na ba da labarin yadda iska ta yaye min rufi, tambayoyi ba su yanke ba. Wannan ya ce gininsa ya kai linta, wane kwano zai saya. Wancan ya ce kafinta ya karɓi kuɗi ya koma wani aiki a Bodinga. Wata baiwar Allah kuma maigidanta yana Legas, ita aka bar wa tsayuwa kan ginin, kullum sai an kawo mata sabon lissafi. Shi ne na ga gara in jera amsar wuri guda, yadda aikin yake bin juna.

Abu ɗaya za ka riƙe tun daga nan. Ruwan Sakkwato ba shi da yawa, daga Yuni zuwa Satumba ya gama abin da zai yi. Abin da ke jarraba rufi a garin nan iska ce, musamman ta hadarin farko, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura a gabanta. Sai zafin Maris zuwa Mayu da ke haura maki 40, sai gara, sai ƙurar hunturu. Duk shawarar da ke ƙasa daga waɗannan huɗu ta fito.

1. Zaɓi lokaci

Lokacin rufi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Katako ya bushe, kwano bai yi zafin da zai hana kafinta taka shi ba, kuma kana da watanni a gaba na sa tagogi da silin kafin hadari. Wanda ya bari sai Mayu zai tarar kowa yana rububin kafinta, aikin kuma ya zama na gaggawa. Idan azumi ya faɗo cikin kwanakin aikin, ka sa a ranka cewa daga asuba zuwa hantsi ne kawai za a yi abin kirki a sama.

2. Ka yanke siffar rufin tun kafin a zuba kankaren ƙarshe

Nan ne nawa ya lalace, don haka zan daɗe a kai.

Gidana na bayan Arkilla, shekarar farko, ruwan farko. Muna cikin sallar magariba gari ya yi ja, iska ta taso. Kafin in dawo daga masallaci rufin ɗakuna biyu ya tashi gaba ɗaya, kwano da katako a haɗe kamar faifai, ya sauka a garken awakin maƙwabcina. Allah ya kiyaye ba a rasa ko akuya ba. Da safe na ɗauko wani dattijon kafinta ya hau kan bango ya duba. Ya zare wata ƙusa da yatsa biyu daga cikin bulo, ya nuna min, ya ce, "Ɗana, wanga rufi aza shi anka yi, ba a ɗamre shi ba." Kwanon mai kyau ne, ko tsaga bai yi ba. Katakon da ke kwance bisa gini ne aka kafe da ƙusa cikin bulo kawai, bulon kuma ya fi yashi yawa bisa siminti.

Ga yadda ya kamata a yi. A saman gini, inda rufi zai zauna, a zuba kankare ya zagaye gidan duka, ba a kan ƙofofi da tagogi kaɗai ba. Tun kankaren yana ɗanye a dasa guntayen kwata-rodi, wato siririn rodi, a lanƙwasa gindinsu ya kama rodin cikin kankaren, kawunansu su fito sama kamar tsawon kamu biyu. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce ƙafa huɗu, a kowace kusurwa kuma lallai a sa. Da waɗannan ne za a naɗe katakon ƙasa da ƙafafun rufin, a lanƙwasa, a danne da ƙusa. Wasu da langa-langa suke ɗaurewa, ita ma tana yi, muddin gindinta yana cikin kankare.

Hattara: birkila ne ke dasa rodin, kafinta ne ke amfani da shi, kuma sau da yawa ba su taɓa haɗuwa ba. Idan ba kai ka haɗa su ranar zuba kankare ba, birkila zai shafe saman ginin sumul ya tafi, kafinta ya zo ya ce haka ya tarar.

Sai siffa. Yanzu ana yayin dogon rufi mai tsini irin na Abuja da Fatakwal. A can ruwa yana da yawa, akwai dalili. A nan kuɗin katako da kwano ne kawai kake ƙarawa, kana kuma yi wa iska shimfiɗar da za ta doka. Matsakaicin gangare ya wadatar. Rufin da ya gangaro ta fuska huɗu ya fi jure iska bisa mai fuska biyu da ke barin dogon bango a gefe.

Akwai kuma rufin da ake ɓoyewa cikin rawani, wato a ɗaga bango ya zagaye kwanon kamar yadda magabata suke yi wa soro. Iska ba ta samun bakin da za ta kama, wannan gaskiya ne. Amma duk ruwan yana taruwa ne a magudanar kankare da ke bayan rawanin, hunturu kuma yana cika ta da ƙura da leda da ganyen dogonyaro. In ka zaɓi wannan, ka sa a yi magudanar da faɗi, a ba ta gangare sosai, indararo ya zama manya kuma fiye da ɗaya, sannan ka san cewa kowane Mayu sai an hau an share. Wanda ya san ba zai iya wannan hidimar ba ya bar shi.

Tun da ana maganar bango: in aljihu ya yarda, ka ƙara jeri biyu na bulo kafin kankaren ƙarshe. Bulo inci 9 ne, jeri biyu ƙafa ɗaya da rabi ke nan. A watan Afrilu za ka gode wa kanka.

3. Neman kafinta da ƙulla jinga

Kada ka tambayi kafinta hoton aikinsa a waya, kowa yana da hoto. Ka ce ya kai ka gidan da ya rufa wanda ya ci damina biyu ko uku. Ka yi sallama da maigidan, ka tambaye shi ko yana yoyo, ko an gama a kan lokaci, ko an yi rigimar kuɗi. Ka ɗaga kai ka dubi silin, tabon ruwa ba ya ɓuya. Ka fito waje ka tsaya daga nesa ka kalli ƙololuwar rufin: in ta yi doro ko ta lotsa a tsakiya, ka gode masa ka nemi wani.

Ka kira mutum uku su auna, kowa ya rubuta maka takardarsa daban: kayan aiki a gefe guda, kuɗin hannu a gefe guda. Za ka ga bambanci, kuma daga bambancin za ka koyi tambayar da ya kamata ka yi. Wanda lissafinsa ya fi na kowa arha nesa ba kusa ba, ko ya rage katako ne, ko yana shirin dawowa da "Alhaji, kaya ba su kai ba."

Hanya biyu ce. Ko ka ba shi jingar hannu kaɗai kai ka sayi kaya, ko ka ba shi kwangilar duka. Ni ta farko nake bi, in tafi da shi kasuwa ya zaɓa, ni in biya. Ta biyu sai ga wanda ba ya gari, shi ma sai an rubuta kaurin kwano, irin katako da adadinsa ɓaro-ɓaro.

A rubuta jingar a takarda ko da ɗan'uwanka ne, a sa shaidu biyu. A ciki a faɗi abin da jingar ta ƙunsa: shafa maganin gara, katakon fuska da ke zagaye bakin rufi, hular tsakiya da ke rufe ƙololuwar rufi, silin waje na ƙarƙashin bakin rufi, kwashe tarkace, da wanda zai ciyar da yaran aiki. Waɗannan ƙananan su ne ke jawo cacar baki a ƙarshe. Biya kuma kashi uku: kaso ɗaya ranar farawa, kaso ɗaya idan katako ya tsaya ka duba ka gamsu, cikon sai an gama an gwada. A ce jingar naira dubu 100 ce, misali kawai, ka ba da 40, sannan 40, ka riƙe 20.

Hattara: kada kuɗin da ka biya ya taɓa wuce aikin da ke tsaye a gabanka. Ranar da ya wuce, daga ranar kai ne mai bin kafinta, wayarsa kuma ta fara shiga ba a ɗauka.

4. Sayen kaya

Ba zan rubuta farashi ba, don tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira, kuɗin kayan gini ba ya kwana wuri ɗaya. Siminti a nan Kalambaina ake yin sa, amma yawancin katako daga kudu ake hawo da shi, kwano ma daga nesa yake zuwa, don haka kuɗin mota yana cikin kowane falle. Ka tambayi shago uku a rana ɗaya, ka sayi kayan mataki guda a lokaci guda, kada ka ajiye kuɗin a hannu wata biyu suna narkewa.

Katako. Wanda ake kira tu-bai-fo da tu-bai-sikis, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4 ko 6, su ne ƙashin rufi, tu-bai-tiri shi ake jerawa a kai a buga kwano, tu-bai-tu na silin ne. Ƙashin rufi ya zama jan katako mai nauyi. Farin katako mai taushi abincin gara ne, ƙusa kuma ba ta kama shi da kyau. Ka tsaya a wurin 'yan katako a zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗaga kowanne ka saita ido a tsawonsa kamar mai duba bindiga, mai lanƙwasa a ajiye shi gefe, haka mai tsaga da mai babban kulli a tsakiya, da wanda gefensa har yanzu da ɓawo. Ka tafi da tef ɗinka, domin abin da ake kira ƙafa 12 sau da yawa bai cika ba, kauri ma haka. Ɗanyen katako in ya sha busasshiyar iskar Sakkwato murɗewa yake yi, ya ja ƙusa ya buɗe haɗi. In ɗanye ka samu, a jera shi a inuwa da 'yan ƙirare a tsakani ya sha iska kamar mako biyu.

Wanda ke da hali, ko unguwarsa gara ta yi yawa, yana iya sa mai walda ya yi masa ƙashin rufin da ƙarfe. Ya fi tsada a farko, amma gara ba ta da rabo a ciki. A shafe shi da jan fentin hana tsatsa kafin a ɗora, musamman wuraren walda.

Kwano. Iri uku ne aka fi gani. Akwai gajeren kwano na bandir, falle 20 a bandir ɗaya, shi ne mai sauƙin kuɗi, amma haɗinsa da yawa kuma yana tsatsa da daɗewa. Akwai dogon kwanon alminiyam da ake yankewa daidai tsawon rufinka, ana sayar da shi da mita, ba ya tsatsa, ba haɗi a tsakiya. Sai mai yashi a jiki, wanda ya fi su tsada da nauyi, ya fi su shiru in ana ruwa, yana kuma cin katako da yawa saboda ƙananan falle ne.

A alminiyam kauri ne magana. Za ka ji ana cewa 0.45 da 0.55, wato na milimita. Ƙasa da 0.45 ni ba na ba da shawara, yana lotsewa a ƙarƙashin ƙafar kafinta, iska kuma tana yaga shi daga bakin ƙusa.

Hattara: ido ba ya bambanta 0.45 da 0.55. Akwai ɗan ma'aunin kauri da masu sayarwa ke da shi. A auna a gabanka ranar ciniki, a sake aunawa ranar da aka sauke kaya a gidanka, a rubuta kaurin a rasit.

Launi kuma ba ado kaɗai ba ne. Baƙi, ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi mai duhu suna shan rana su sauke maka ita cikin ɗaki. Fari, ruwan madara ko ruwan toka mai haske sun fi dacewa da garin nan, ko da maƙwabta za su ce bai yi kyau a hoto ba.

Kada ka ba da odar dogon kwano daga zanen gida. Ka bari katako ya tsaya a auna a jikinsa, domin in an yanka ya gaza da inci huɗu babu mai karɓa ya mayar maka. A gajeren kwano kuwa ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma bisa lissafi, saboda haɗi da yanka. Ƙusa ka sayi mai hula da roba a wuya, ko sukurun rufi in da hali. Kuɗinta kaɗan ne a cikin lissafin, amma nan ne mutane ke son yin tsimi.

5. Ranar ɗora katako

Wannan ranar ka ɗauki hutu daga wurin aiki. Duk abin da aka yi yau, jibi kwano da silin za su rufe shi, ba za ka sake ganinsa ba sai ranar da ya ba ka kunya.

A fara shafa maganin gara a ƙasa, kafin a ɗaga ko sanda ɗaya. Solignum aka fi sani. Kafintoci suna son sirka shi da baƙin mai don ya yalwata, wasu ma baƙin man zalla suke shafawa, katako ya yi baƙi ka ɗauka an yi aiki. Kai ka sayo maganin da hannunka, a buɗe galan a gabanka, a shafe fuska huɗu, duk inda aka yanka da zarto kuma a sake shafa bakin. Yaron da ke shafawa ya sa safar hannu ya rufe hanci, a kuma kori yara daga wurin.

Daga nan ka bi waɗannan da ido. Kowane rodin da aka dasa an naɗe shi a kan katako, ba a lanƙwasa shi gefe an manta ba. Ƙafafun rufi tazararsu kamar ƙafa huɗu, katakon da za a buga kwano a kai kuma kada ya wuce ƙafa uku tsakani, a bakin rufi da kusurwoyi ma a matso da su. Inda aka haɗa katako biyu don tsawo, a yi musu ɗori da wani guntu ta gefe biyu, haɗin kuma kada ya faɗo a layi ɗaya duka. A sa 'yan katakai a gicciye tsakanin ƙafafun don kada rufin ya yi rawa. Ka kama ɗaya ka girgiza da ƙarfinka. In duka ginin katakon ya amsa, ba a gama ba.

Za ka iya jin kafinta ya ce, "Yallaɓai, haka muke yi ko'ina, ba abin da ka faruwa." Ka ce masa ka yarda, amma a yi maka naka yadda ka ce. Kashi na biyu na kuɗinsa yana aljihunka, zai yi.

6. Buga kwano

Tunda iskar hadari daga gabas take zuwa, a fara jera kwano daga yamma a nufo gabas. Ta haka kowane falle zai hau kan na bayansa, bakin haɗin ya kalli yamma, iska ta bi ta kai ta wuce maimakon ta shiga ƙarƙashi. Haɗin gefe ya hau tudu ɗaya da rabi, haɗin tsawo a gajeren kwano kada ya gaza inci 6.

Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A buga ta zauna daidai, kada a danne har kwanon ya lotsa robar ta fashe. A layin farko na bakin rufi, da gefuna, da hular tsakiya, a buga a kowane tudu, don daga nan iska ke fara ɓamɓara. Duk ƙusar da ta kuskure katako a zare ta a toshe ramin nan take.

Inda rufi biyu suka haɗu suka yi kwari, da inda kwano ya jingina da bango, nan ne yoyo ke zama. A kwari a shimfiɗa faffaɗan falle a ƙasa kafin kwano ya hau. A jikin bango a tsaga filasta a cusa bakin falle a ciki sannan a shafe, kada a manna siminti kawai a kan kwano, zafin rana ɗaya zai raba su.

Bakin rufi ya fito kamar ƙafa biyu, yana yi wa bango da taga inuwa. Amma a rufe ƙarƙashinsa da silin waje, in ba haka ba ka ba iska hannun kamawa.

7. Silin

Ba dogon zance. PVC, wato silin roba, yana da saurin sawa kuma ruwa ba ya ɓata shi, POP, wato na farar filasta, ya fi kyau da tare zafi amma ɗigo kaɗan ke bar masa tabo, don haka kada a yi shi sai an tabbatar rufi ba ya yoyo. Mai wayarin ya gama nasa kafin a rufe, wayoyin su bi cikin bututu. A bar 'yar ƙofar shiga sama a baranda ko kicin. A kuma bar ƙananan kafofin iska a silin waje ko saman bango don zafin da ke taruwa tsakanin kwano da silin ya sami mafita, a toshe su da raga, in ba haka ba jemagu da tantabaru sun sami gida.

8. Tagogi

Gidan da aka rufa aka bar tagoginsa a hangame yana cikin haɗari fiye da kango. Iska in ta shiga ta gabas ba ta sami mafita ba, sama take turawa, ta haɗu da wadda ke jan kwanon daga waje. Saboda haka in kuɗi ba su isa a sa duka ba, a fara da tagogi da ƙofofin gabas, sauran a toshe da kwano ko bulo kafin Mayu.

Wajen fuska, manyan tagogi su kalli kudu da arewa. Yamma ranar la'asar ce, ɗakin da ke da babbar taga ta nan sai tsakar dare yake hucewa. Gabas kuma ruwa da ƙura. Kowane ɗakin kwana ya sami taga biyu a bango daban-daban don iska ta ratsa. Girman da aka saba ƙafa huɗu-huɗu ne, banɗaki biyu-biyu.

Iri kuwa, tagar alminiyam mai zugewa ita ce ta cika gari. Tana da kyau, ba ta cin wuri, amma rabinta kaɗai ke buɗewa, hanyar da take gudu a kai kuma tana cika da ƙura har tayoyin su ci. Mai buɗewa kamar ƙofa tana ba da iska duka, in an rufe ta kuma robarta tana matsewa ta tare ƙurar hunturu fiye da mai zugewa. Ita nake so a ɗakin kwana. Tagar ƙarfe ta masu walda ta fi arha da ƙarfi, sai dai da rana tana ɗaukar zafi kamar tanda, kuma tana son fenti lokaci-lokaci. Mai gilashi jere-jere da ake ɗagawa da mariƙi tana ba da iska sosai, amma a hunturu sai ka share ɗaki sau uku.

Tsarin sawa yana da muhimmanci. Ƙarfen tsaro da tagar ƙarfe kafin filasta ake kafa su, ƙafafunsu su shiga cikin bango. Alminiyam kuwa sai bayan filasta ake aunawa, kowace taga da awonta, kada a auna ɗaya a yanka goma. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon bai zo ɗaya ba ramin a karkace yake, birkila ya gyara tukuna. Dakalin taga na waje ya ɗan gangara waje. A zagaye firam da silikon, a kuma duba 'yan ramukan fitar ruwa da ke ƙasan firam ba a toshe su ba. Ragar sauro a sa ta tare da tagar, wadda ake cirewa a wanke.

Hattara: ƙarfen tsaro yana hana ɓarawo shiga, yana kuma hana mai gida fita ranar gobara. Aƙalla taga ɗaya a kowane sashe a yi mata ƙarfe mai buɗewa da kwaɗo, makullin a rataye kusa inda kowa a gidan ya sani.

Wani abin da masu sayarwa ba sa faɗa: gilashi mai madubi da rana ne kawai yake suturta na ciki. Da dare in an kunna fitila lamarin juyewa yake, na waje ya gan ka kai ba ka gan shi ba. Labule dole ne. Tagar da ta kalli tsakar gidan maƙwabci kuma a ɗaga ta sama ko a sa mata gilashi mai hazo, tun kafin a kai ƙararka wurin mai unguwa.

9. Gwaji kafin cikon kuɗi

Da tsakar rana, kafin a rufe silin, ka shiga kowane ɗaki ka ɗaga kai. Duk inda ka ga ɗigon haske, ruwa zai bi ta nan. Sannan a hau da tiyo ko bokitai a kwarara ruwa a kwaruruka da jikin bango, wani yana ciki yana kallo. A watsa wa tagogi ma. In da yadda za a yi, ka daidaita da kafinta tun farko cewa wani abu daga cikon sai bayan ruwan farko. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan sharaɗin.

10. Tarewa

Kada ɗoki ya sa ka kwashi iyali zuwa gidan da filasta da fenti ba su bushe ba. Mako guda kafin ranar, a yi feshin sauro da kyankyaso da kunama, musamman a sababbin unguwannin bakin gari irin su Bado da More inda gona take jiya-jiya. A rufe gidan, sannan a buɗe tagogi ya sha iska kwana biyu. Kada kowa ya kwana a ɗakin da aka yi wa feshi a ranar, kuma kada a yi amfani da ƙwayar maganin da ake sa wa hatsi a rumbu, ta kashe mutane cikin barci.

Ka tabbatar da ruwa da wuta tun kafin kaya su iso. Wutar Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric ne. In gidan haya ne ko saye ka yi, ka duba ko akwai tsohon bashi a kan mita ko takardar wuta, a warware da mai gida ko dillali a rubuce kafin ka karɓi makulli. Gidan da za ka bari shi ma ka ɗauki hoton mitarsa da ɗakunansa, ka miƙa makulli a gaban shaida.

Mota ka yi cinikinta da sawu, a faɗi ko kuɗin 'yan dako yana ciki. A-kori-kura ta isa ƙaramin gida in unguwar ba nisa, babban gida motar Kanta sawu ɗaya ta fi sawu huɗu na ƙarama. Ka je da direban ya ga lungun tukuna, akwai lungunan cikin gari da sai dai a ƙarasa da kura. Manyan kaya su tafi da sassafe kafin rana ta buɗe. Kafinta ya kwance gado da kabad, ƙusoshin kowanne a ƙulle a leda a ɗaure a jikinsa. Firiji a tsaye ake ɗaukarsa, in ya isa a bar shi wasu awanni kafin a jona. Tukunyar gas a rufe ta a cire tiyo. Katifu a shanya su a rana a duba ɗinkinsu, kada a yi wa kuɗin cizo rakiya zuwa sabon gida. Kayan fashewa na uwargida a naɗe su da zannuwa, ita da 'yan'uwanta su san abin da ke cikin kowane buhu, tunda su za su yi jere. Takardun gida, gwal da kuɗi kuwa ba sa hawa motar kaya, a hannunka za su tafi.

Mutum ɗaya ya tsaya inda ake lodi, ɗaya inda ake saukewa, kowane sawu a ƙirga. Iyali su biyo baya da yamma ko bayan isha'i kamar yadda aka saba, a tarar an shimfiɗa ɗaki ɗaya, da ruwan sha, buta, fitila da gidan sauro. Washegari ka yi sallama da maƙwabta da limamin unguwa, a yi addu'a, a fitar da 'yar sadaka. Ragowar kwano, ƙusa da rabin galan na maganin gara kuma kada ka bari yaran kafinta su tafi da su. Ka ɗaure su a sito tare da rasit ɗin da aka rubuta kauri da launi, domin ranar da za ka nemi falle ɗaya na gyara, da wuya ka sami irinsa a kasuwa.